Karatun lauya: tambayoyin da kuka fi damuna da su kan neman gurbi

Duk shekara da zarar JAMB ta fara sayar da fom wayata ba ta ƙara hutawa, ƙanne ne, 'ya'yan maƙwabta ne, iyaye ne, har wanda rabona da shi tun firamare sai ya lalubo lambata ya ce Barista don Allah yarona ne yake son karanta lauya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tattara su wuri guda in huta da maimaici.

Yaya ina ajin ƙarshe a sakandare, waɗanne darussa zan cike a JAMB?

Huɗu ake rubutawa, maki 400 gaba ɗaya. Turanci dole ne ga kowa, sai Litireca wato adabin Turanci, shi ma ga mai neman lauya ka ɗauke shi a matsayin dole, sannan ka ƙara biyu daga ɓangaren at ko zamantakewa, yawanci yara na ɗaukar Gwamnati ko Tarihi su haɗa da darasin addinin Musulunci ko na Kirista. In ɓangaren shari'ar Musulunci kake nema akwai jami'o'in da za su so ganin darasin addinin Musulunci ko Larabci. Amma kar ka tsaya a maganata kawai, JAMB na da kundi a shafinta da ke jera abin da kowace jami'a ke buƙata kos bayan kos, buɗe shi ka nemo sunan jami'ar da kake so ka karanta da idonka. Kuma don Allah ranar cike fom ka zauna kusa da mai kwamfutar ka ga abin da yake dannawa, mutum ne da layi ke jiransa har waje, ba ruwansa da burinka.

Kafin duk wannan sai kana da lambar NIN, da ita ake samun lambar fara rijista ta saƙon waya, kuma layin da ka yi amfani da shi ka riƙe shi gam kar ya ɓata. Shekarun shiga jami'a kuwa 16 ne mafi ƙaranci.

WAEC ɗina fa? Ina da kiredit bakwai amma babu Litireca.

To nan ne gizo ke saƙar. Abin da ake nema kiredit biyar ne a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, kuma cikin biyar ɗin sai da Turanci da Litireca, jami'o'i da yawa kuma sun haɗa da Lissafi. Matsalarmu a nan arewa ita ce makarantu da yawa ba su da malamin Litireca ko kuma yara na gudunsa saboda karanta littattafai, sai a yi wa yaro rijista da wani darasin a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Akwai wata 'yar unguwarmu, yarinya mai ƙoƙari wallahi, ta zo min da takardunta a cikin wata koriyar fayil ta roba, makinta na JAMB ya yi kyau sosai har babanta ya riga ya fara kiranta Barista a gida. Ina bin sakamakon da yatsa layi bayan layi, Turanci akwai, Lissafi akwai, Gwamnati akwai, Hausa akwai, na kai ƙarshe na sake dawowa sama, babu Litireca, ko zama ba ta yi masa ba. Da na faɗa mata shiru ta yi tana ta murza bakin hijabinta. Shekara guda ta tafi a haka, sai da ta zauna jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara ta ciko shi sannan ta sake JAMB. In kai ma haka naka yake hanyar kenan, ka yi rijistar WAEC ko NECO ta 'yan waje ka haɗa sakamako biyu. Sai dai ka duba, akwai jami'o'in da a kos irin lauya sun fi son zama ɗaya.

Ɗan kimiyya da ya canza ra'ayi shi ma amsarsa kenan.

Maki nawa zan ci in samu?

Wannan ce tambayar da na fi tsana, don duk wanda ya ba ka lamba ɗaya ya ce da ita an gama to yaudararka yake. Makin da kake ji an sanar bayan taron JAMB da shugabannin makarantu mafi ƙarancin abin da za a kalli takardarka da shi ne, ba shi ne makin shiga lauya ba. Lauya da likitanci su ne kwasa-kwasan da aka fi rububi, kowace jami'a na yanke nata makin bisa yawan masu nema a shekarar, kuma tana haɗa makin JAMB da na tantancewarta ta Post-UTME, wasu har da darajar kiredit ɗinka. Ni dai shawarata kar ka shiga ɗakin jarrabawa da niyyar tsallake 200, ka sa ranka can sama da nisa.

Na ci maki mai kyau, abokina da bai kai ni ba ya samu ni ban samu ba. Ba son kai ba ne wannan?

Zai iya zama, ba zan rantse wa kowa ba. Amma kafin ka zargi kowa ka san yadda rabon yake a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko. Kenan ɗan Katsina da ɗan wata jiha mai nisa za su iya neman wuri ɗaya da maki daban a ɗauki mai ƙaramin. Jami'ar jiha kuwa 'yan jiharta take fara dubawa, don haka zaɓen jami'a ma dabara ce ba wai sunan da ya fi daɗi a baki ba.

Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, tsangayar lauya ba ta da ikon ɗibar ɗalibai yadda ta ga dama. Majalisar Kula da Ilimin Lauya ita ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, saboda adadin ne za a karɓa daga gare ta a makarantar lauyoyi bayan digiri. Shi ya sa za ka ga dubbai sun nema an ɗauki 'yan kaɗan an watsa sauran Kimiyyar Siyasa da Tarihi da sauransu.

Wani abu kuma, ka tabbata ka ɗora sakamakon WAEC ko NECO ɗinka a CAPS, tsarin da JAMB ke ba da admishin ta cikinsa tun 2017. Yara da yawa a nan suke faɗuwa, maki na nan amma shafin babu sakamako, jami'a ba za ta ma gan ka ba. Kuma duk admishin ɗin da bai bi ta CAPS ba, ko wane ne ya ba ka, matsala ce ka saya wa kanka.

An ba ni wani kos daban, in karɓa in canza daga baya?

Kar ka karɓa da wannan niyyar kawai. Canji zuwa lauya daga ciki yana da wuya ƙwarai saboda wancan adadin da na faɗa. In kos ɗin kana iya zama da shi har ƙarshe to bismilla, in ba haka ba ko ka sake JAMB ko ka bi ta DE.

DE ɗin fa, yaya take?

Ita ce shiga kai tsaye aji biyu, sai ka yi shekara huɗu maimakon biyar. Ana shiga da jarrabawar share fagen shiga jami'a, wato IJMB wadda ABU Zariya ke kula da ita ko JUPEB, ko diflomar lauya a jami'o'in da ke karɓarta, ko kuma digirin farko a wani fannin. Mu nan muna da kwalejojin shari'a da suka daɗe suna yaye masu difloma, irin su Kwalejin Aminu Kano a Kano, da ta A.D. Rufa'i a Misau, da ta Mohammed Goni a Maiduguri. Amma fa gurbin DE ya fi na JAMB ƙanƙanta, sakamako mai rauni ba ya zuwa ko'ina, kuma ita ma sai ka sayi fom ɗinta a JAMB, kuma maganar Litireca na nan ba ta tafi ba. Kafin ka biya kuɗin difloma je ka tambayi jami'ar da kake hari ko tana karɓar ta wannan kwalejin.

In na karanta ɓangaren Shari'ar Musulunci zan iya zama cikakken lauya? Wani ya ce kotun shari'a kawai zan iya shiga.

Wanda ya faɗa maka bai sani ba. Wanda ya yi LL.B, wato digirin lauya, mai haɗe da shari'ar Musulunci a wurare irin su BUK ko ABU da tsangayarta ke Kongo ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yana karanta dokar laifuka da ta kwangila da ta filaye da tsarin mulki kamar kowa, sannan a ƙara masa da su gado da aure da usulul fiƙhi. Makarantar lauyoyi ɗaya za ku je, rana ɗaya za a rantsar da ku. Tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya Ibrahim Tanko Muhammad ta wannan ɓangaren ya fito a ABU. Ni a ganina ma wanda zai yi aiki a arewa riba biyu ya ci, don rigimar gado da ta aure ba ta yankewa a kotunanmu, kuma tsarin mulki ya tanadi cewa a Kotun Ɗaukaka Ƙara sai an samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci. Abin lura dai shi ne digirin ya zama LL.B daga tsangayar lauya, digirin nazarin addinin Musulunci abu ne daban, ba ya kai mutum makarantar lauyoyi.

Babana ya ce zai kai ni jami'a mai zaman kanta ko ƙasar waje tunda nan ta ƙi.

Madalla da Baba, amma ku yi tambaya biyu kafin a biya ko sisi. NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da kos ɗin? Majalisar Kula da Ilimin Lauya ita ma ta amince, kuma jami'ar ba ta wuce adadin da aka yanke mata ba? Amincewa biyu ce daban-daban, ta farko ba ta wadatar ba. An sha dakatar da jami'o'i daga ɗaukar ɗaliban lauya saboda sun fara ba izini ko sun cika aji fiye da kima, ko a 2025 sai da JAMB ta hana neman lauya a wasu jami'o'i kan wannan dalilin. Wanda ke shan wahalar kuwa ɗalibi ne, ya gama shekara biyar ya zauna a gida yana jiran layi ya zo kansa, ƙannensa na wasu jami'o'in suna wuce shi da hular gashi ta lauyoyi. Haka kuma majalisar ta daɗe ba ta yarda da digirin lauya na wucin gadi ko na karatu daga gida, don haka ma'aikacin da ke tunanin yi da yamma ko ƙarshen mako ya yi bincike sosai.

Wanda ya yi digirin a ƙasar waje kuma in ya dawo sai ya fara yin Bar Part I, inda ake koya masa dokokin Najeriya, ya ci sannan ya haɗu da sauran a Bar Part II, wato karatun makarantar lauyoyi da kowa ke yi. A Ingila digirin shekara uku ne, a Amurka kuwa ba a ma shiga lauya daga sakandare, sai ka yi digiri tukuna ka nemi makarantar lauya ka ƙara uku. Masu tsallakawa Kwatano su tuna a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo.

To in na gama digirin na zama lauya kenan?

A'a ƙanena, saura. Mai LL.B ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali ya kare kowa. Sai ka je makarantar horas da lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962 ta fara a Legas, hedikwatarta yanzu tana Bwari a Abuja, da rassa a Legas da Inugu da Bagauda ta jihar Kano da Yola da Yenagoa da Fatakwal. Neman shiga ta hannun jami'arka yake bi, ita ke tura sunayen waɗanda suka kammala, kai kuma ka cike fom a intanet, sannan a tura ka reshen da aka ga dama, ɗan Sakkwato na iya tsintar kansa a Yenagoa. Kusan shekara guda ce, darussa biyar: shari'ar laifuka, shari'ar da ba ta laifi ba, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, da ladubban aikin. A tsakiya za a tura ka zaman kotu da zaman ofishin lauya ka ga yadda ake yi. Akwai kuma liyafar cin abinci uku da sai ka halarta, kar ka yi dariya, da gaske ne, gado ne daga Ingila. In ka ci jarrabawar ƙarshe sai majalisar manyan alƙalai da lauyoyi da ake kira Body of Benchers ta kira ka, ka je Kotun Ƙoli a rubuta sunanka a rijista, daga nan sai bautar ƙasa.

Ana kuma duba hali. Wanda aka taɓa kamawa da satar amsa ko ƙungiyar asiri a jami'a zai iya ganin abin ya biyo shi har nan.

Ni mace ce, an ce sai na cire hijabi ranar rantsuwa.

An yi wannan rigimar an wuce. A Disambar 2017 aka hana Amasa Firdaus shiga zauren rantsuwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, magana ta yi girma har majalisar wakilai ta shiga, a 2018 aka amince aka rantsar da ita da hijabinta a ƙarƙashin hular. Kayan dai baƙi da fari ne tun daga jami'a, ki fara tanadi. Kuma in wani a gida ya ce aikin ba na mata ba ne ki tuna masa da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, daga 2012 zuwa 2014.

Gaba ɗaya shekara nawa, kuma kuɗin fa?

Biyar a jami'a, ɗaya a makarantar lauyoyi, ɗaya bautar ƙasa, bakwai kenan in ba yajin aiki ba jiran layi. Kuɗi kuwa inda ya fi ba iyaye mamaki shi ne shekarar makarantar lauyoyi, don a dunƙule ake biya, ga littattafai ga kwat ga riga da hula ga kuɗin rantsuwa ga na mota in an jefa ka nesa. Wasu gwamnatocin jihohi kan tallafa wa 'yan jiharsu amma ba abin dogaro ba ne, wani lokacin sai an gama karatun kuɗin ke fitowa. Gara Baba ya sani tun kana aji uku a fara ajiyewa kaɗan-kaɗan.