Jemage da cututtukan da yake ɗauke da su: amsoshi ga mutanen Damagaram

Shin gaskiya ne jemage yana ɗauke da cuta?

Gaskiya ne, kuma na sha faɗin haka. Ƙwayoyin cutar suna zaune a jikinsa ba tare da sun kwantar da shi ba, saboda haka lafiyar da kuka gan shi da ita ba hujja ba ce.

Waɗanne cututtuka ne?

Akwai Marburg, wadda aka fara ganowa a Jamus a 1967, ta kuma ɓulla a Gana a 2022. Jemagen kogo mai cin 'ya'yan itace ne matattararta. Akwai Nipah, wadda ta bi ta jikin aladu ta kama mutane a Malesiya a 1998. Ita kuwa Ebola, wadda ta taso daga Gine ta hallaka mutum sama da 11,000 tsakanin 2014 da 2016, jemage masana suka fi zargi a kanta.

Ɗana ya harbo jemage da danƙo, ya cije shi. Me zan yi?

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, sannan a kai shi asibiti a ranar, domin jemage yana iya ɗaukar dangin ciwon haukan kare, wanda idan alamunsa suka bayyana magani ya ƙare. Iyaye, ku ji tsoron Allah ku hana yara wasa da jemagen da ya faɗo ƙasa, domin mai lafiya ba ya yarda a kama shi da hannu.

Mangwaron da jemage ya gutsura fa, a yanke wurin a sha sauran?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, domin na san mai garka a Mirya ba ya son ganin wahalarsa ta tafi a banza. Yawun jemage da fitsarinsa su ne hanyar cutar, kuma a Bangaladash ta ruwan dabinon da jemagu suka lasa cikin dare Nipah take kama mutane. Wannan cuta dai ta ƙasashen Asiya ce, kuma yawancin waɗanda suka sha irin wannan mangwaro a nan ba abin da ya same su, don haka wanda ya riga ya sha ya kwantar da hankalinsa, sai fa idan zazzaɓi ya biyo baya. Duk da haka shawarata ita ce a binne mangwaron da haƙorin jemage ya taɓa, kada a ba yara ko awaki, tun da wuƙa ba ta cire yawun da ya riga ya shiga ciki. Wanda ɓawonsa bai fashe ba, ko da tsintarsa aka yi a gindin bishiya, a wanke shi sosai a fere, ya wadatar.

To, me zai hana mu ƙone su mu huta?

Kada ku soma. Jemagu ne suke yi wa kuka da ɗorawa barbara, ƙananansu kuma suna cinye ƙwari. Kisan ma shi ne yake haɗa hannun mutum da jininsu. Idan sun tare a rufin ɗaki, a jira su fita da magariba a toshe kafar da suke shiga, a yayyafa wa kashinsu ruwa kafin a share, a kuma rufe hanci da baki.