Tsohuwar BMW E36 a zafin Katsina: amsoshi ga masu gyara a gida

Tambayoyin nan su ake ta maimaitawa daga Ƙofar Ƙaura har Daura, to ga amsa sau ɗaya. Maganar a kan BMW E36 ce, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 2000, musamman mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida, M50 ko M52. Mai Celica ko Prelude zai tsinci abin amfani, amma kada ya ɗauki adadin mai ko lambar sifana daga nan.

Tambaya: Bakanike ya ce in cire tamostat saboda ƙasarmu akwai zafi. In cire?

Amsa: A'a. Kada ka cire, kada ka bari a cire. Aikinsa riƙe zafin inji a kusa da digiri 90. In babu shi inji yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da sanyin hunturu, kwamfutar motar ta yi ta zuba fetur fiye da kima, fulogi ya yi baƙi. Kuma abin da ya jawo zafin yana nan, ka rufe masa fuska ne kawai. In ya lalace, sayi sabo tare da murfinsa, don murfin na roba ne, yana tsagewa.

Tambaya: Bakin mai lita nawa?

Amsa: Kusan lita 6.5 in ka canza har da filta. 10W-40 ko 15W-40. Da ƙurarmu, kada ka wuce kilomita 5,000. Kada ka sayi man da ake aunawa a kwalba a bakin titi.

Tambaya: Ruwan rijiya ko na burtsatse ya isa lagireto?

Amsa: Bai isa ba, Malam. Yana barin farin gishiri a cikin ƙananan bututun lagireto, yana cin alminiyom. Haɗa ruwan lagireto na galan da tataccen ruwa irin na batir, rabi da rabi. Motar tana ɗaukar lita 10 da ɗan ɗoriya.

Tambaya: Zan iya shiga ƙarƙashinta a kan jak?

Amsa: Haba! Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulo kuma yana farfashewa ba sallama. Nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ka sa waigi a tayar baya, a ƙasa mai tauri, ba kan yashin ƙofar gida ba. Kana da iyali.

Tambaya: Ruwa yana raguwa, allurar zafi tana ɗan haurawa, ban ga yoyo ba. Gaskit ne ya ƙone?

Amsa: Mai yiwuwa, amma gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, shi ne na ƙarshe da za ka zarga. Motoci da yawa an buɗe musu inji a banza a kan wannan zato, alhali matsalar ta 'yar roba ce. Bi a hankali, kuma duk abin da ya shafi buɗe murfin ruwa sai inji ya huce sarai, in ba haka ba tafasasshen ruwa zai wanke maka fuska.

Fara da yoyon da ba ya ɗiga ƙasa. Wuyan lagireto na sama da tankin ruwa na roba ne, bayan shekara ashirin da wani abu suna yin siririyar tsaga wadda sai inji ya yi zafi take buɗewa, ruwan ya ƙafe nan take. Haska tocila ka nemi farin tabo ko busasshen kore. Taɓa kafet ɗin gaba ma: in da danshi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, hita ce ke yoyo a ciki.

Sai famfon ruwa. Na asali da yawa fukafukinsa na roba ne, yana karyewa ko ya saki sandarsa, bel na juyawa amma ruwa ba ya zagayawa. Alamarsa: allura ta hau, ka kunna hita iska mai sanyi ta fito. Sai dai iskar da ta maƙale a cikin ruwa ma haka take yi, don haka wannan alama ita kaɗai ba hujja ba ce.

Lura da lokacin da zafin ke zuwa. In a cunkoso ne cikin gari, amma da ka hau hanyar Jibiya ko ta Daura allura ta koma tsakiya, galibi fanka ce. Inji na zafi yana aiki, naɗe takarda mai kauri ka taɓa bakin fankar da ita, yatsunka nesa. In ta tsaya cikin sauƙi, kulocinta ya mutu. Notinta sifana 32 ne, kuma a juye yake kwancewa, wato ta hannun dama. In kuwa a kan gudu zafin ke hawa, ka fi zargin toshewar lagireto, ciki da gishiri ko waje da ƙura da ciyawa tsakaninsa da na AC.

In duk waɗannan lafiya, to a zo kan gaskit. Da safe, kafin a tayar da mota, matsa babban tiyo na sama. In ya kwana da tauri kamar taya, alama ce mara daɗi. Haka kumfa mai fitowa ba tsayawa a tankin ruwa, farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya ɗumama, ko fulogi ɗaya da ya fita fes kamar an wanke shi. Farin kumfa a murfin bakin mai kuwa ba ya yanke hukunci, motar da ba ta yin doguwar tafiya ma tana yinsa. Auna matsin kowace silinda. In biyu maƙwabta sun faɗi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, magana ta kusa tabbata, ko da yake tsagar kan inji ma na iya ba da irin wannan sakamako.

Ko ya tabbata, kada hankalinka ya tashi, ana gyarawa. Amma a kai kan injin a auna ko ya lanƙwashe, a sa sababbin kusoshi, don tsofaffin sun riga sun miƙe. Sa mayen ƙarfe a jikin inji: in bai kama ba na alminiyom ne, kamar M52 na Turai, kuma irinsa in ya sha zafi ramin kusoshi kan zare wajen ɗauri. Wannan aikin ba na tsakar gida ba ne sai kana da sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Tambaya: Na canza ruwa, yanzu ta fi zafi.

Amsa: Ba ka fitar da iska ba. Ɗaga gaban motar kaɗan, murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, kai hita ƙarshen zafi. Sassauta ƙaramin sukurun da ke kusa da murfin ruwa, zuba a hankali har ruwa ya fito babu kumfa. Ɗaure shi da sauƙi, roba ne.

Tambaya: Tana rawa in ta tsaya, tana son mutuwa.

Amsa: Duba baƙar robar da ke kai iska cikin inji, tana tsagewa a cikin lanƙwasarta ta ƙasa inda ido ba ya gani. Sannan cire kwayil ɗin, kowane fulogi da nasa. In ka tarar da bakin mai a ramin, gaskit ɗin murfin sama ne, ƙaramin aiki. Ku daina cewa a wanke nozul tun ba a duba waɗannan ba.

Tambaya: Yaushe zan canza bel ɗin taimin?

Amsa: M50 da M52 ba su da shi. Sarƙa ce.

Tambaya: Kayan gwanjo daga Ƙofar Ruwa ta Kano fa?

Amsa: Ƙarfe, fitila, kiksta, altaneta, babu laifi in an gwada a gabanka. Famfon ruwa, tamostat, tiyo da tankin ruwa kuwa, sabo kawai. Robar da ke can sa'ar taka ce a shekaru.