Dokar filaye da gini a Abuja

Dokar filaye a Abuja ta ginu ne a kan ƙa'ida ɗaya: duk ƙasar Babban Birnin Tarayya mallakar Gwamnatin Tarayya ce. Wanda aka ba fuloti haƙƙin zama da amfani kawai yake riƙe da shi, na wani adadin shekaru, yawanci 99. Ministan Abuja ne ke bayar da wannan haƙƙi a madadin Shugaban Ƙasa, shi ne kuma ke iya soke shi.

Asali

Kafin zuwan Turawa, a yawancin ƙasar Hausa sarki da hakimai da dagatai ne ke raba gonaki da filayen gida, kuma wanda ya share daji ya raya shi yana da haƙƙi a kai, 'ya'yansa su gada. Turawa sun sami wannan tsari, suka fassara shi yadda ya yi musu daidai. A 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka kafa kwamitin nazarin filayen Arewa, kuma daga rahotonsa aka fitar da dokar 1910 wadda ta sanya dukan filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, a matsayin mai riƙon amana ga 'yan ƙasa. An sake fasalinta a 1916, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta maye gurbinta da dokar 1962, wadda ta mayar da ikon hannun minista.

Saboda haka lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa a ranar 29 ga Maris 1978, 'yan Arewa ba su ga baƙon abu ba. Kusan tsarinsu ne aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya, kuma a Kudu, inda iyalai ke da cikakkiyar mallaka, a nan aka fi jin zafinta. An cusa dokar cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki.

Abuja kuwa ta riga wannan doka samun tata. Bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda kan sabon babban birni, Janar Murtala Muhammad ya kafa yankin a farkon Fabrairun 1976, 'yan kwanaki kafin a kashe shi. (Dokokin biyu, ta 1976 da ta 1978, kowacce lamba 6 take ɗauke da ita, abin da kan rikita ɗalibai.) Dokar 1976 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasar gaba ɗaya, sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 kuma ya sake jaddada haka. Shirin farko shi ne a kwashe dukan mazauna yankin, Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu, a biya su diyya su koma wajen iyaka. Wajen 1978 aka ga kuɗin ba za su isa ba, aka ce sai wanda aiki ya iso kansa za a tayar. An dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, ƙauyuka da yawa suna nan inda suke.

Matsayin 'yan asalin yankin

Kotun Ƙoli, a shari'ar Madu da Madu ta 2008, ta ce babu haƙƙin mallaka na gargajiya a Abuja. Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin suna cewa ba a biya su diyya ba, don haka ba a karɓe ƙasarsu ba. Har yanzu ana ja-in-ja.

Takardu

Mai neman fili yana fara samun takardar tayi daga minista, bayan ya biya kuɗaɗen da aka yanka masa sai a ba shi takardar shaidar mallaka, wadda dillalai ke kira C of O. Hukumar AGIS, da aka kafa zamanin ministancin Nasir El-Rufai (2003 zuwa 2007), ita ke ajiye bayanan filaye a kwamfuta, kuma can lauyoyi ke zuwa bincike kafin a yi ciniki. Sayarwa ko jingina ba sa inganta sai da amincewar minista. Jinkirin samunta ya sa mutane da yawa ke tsayawa ga takardar wakilci, wadda mai sayarwa ke ba mai saye ikon gudanar da filin a madadinsa, alhali ita kaɗai ba ta mayar da mallaka ga mai saye.

Takardar mai unguwa ko ta sarkin ƙauye, irin wadda aka gina dubban gidaje da ita a Mpape da Lugbe da Gwagwa, ba ta da ƙarfi a gaban doka. Wanda ya yi gini da ita ya san rusau na iya zuwa kowace rana.

Ana iya soke fili don amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti, kuma diyyar ta gini da shuke-shuke ce, ban da ƙasar kanta. Ana kuma sokewa idan an ƙi ginawa cikin wa'adi ko an ƙi biyan harajin ƙasa na shekara. A Maris 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardu 4,794 saboda bashin wannan haraji.

Izinin gini

Sashen kula da gine-gine ne ke amincewa da zane kafin a haƙa harsashi, bisa taswirar birnin ta 1979.

Haƙƙin ɗan kwangila

A Amurka akwai doka da ke ba magini damar rataya bashinsa a kan gidan da ya gina, har a hana sayar da shi sai an biya. Jihar Maryland ce ta fara ta a 1791, don jawo magina zuwa aikin sabon babban birnin Washington. Najeriya ta gina nata babban birnin ba tare da irin wannan doka ba. Ƙa'idar da kotuna suka gada daga Ingila ita ce duk abin da aka kafa a ƙasa ya bi ƙasa: da zarar bulo da rodi da kwano sun shiga gini, sun zama na mai fili, ko da ba a biya kuɗinsu ba. Ɗan kwangilar da ya kulle ƙofa ya tafi da makulli, ko ya ɗaye rufin da ya sa, shi ne zai iya tsintar kansa a gaban alƙali.

Hanyar da ta rage masa ita ce ƙarar karya yarjejeniya, ko neman ladan aikin da ya riga ya yi, ko sulhu idan an rubuta haka a kwangila. Shi ya sa masu sana'ar ke dagewa kan kafin alƙalami da biya mataki-mataki: na harsashi, na linta, na rufi. Mai gida shi ma yakan riƙe wani kaso, sau da yawa biyar cikin ɗari, har sai wa'adin gyaran aibi ya wuce. Birkila da lebura masu aikin jinga kuwa yarjejeniyarsu da ɗan kwangila take, ba su da hanyar bin mai gida bashi kai tsaye.