Tace labari: amsoshin tambayoyin da ɗaliban aikin jarida ke yawan yi

Duk shekara ɗalibai daga Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano suna zuwa ɗakunan labarai don sanin makamar aiki. Kusan kowannensu so yake a tura shi gidan gwamnati ko majalisa, ko a ba shi makirfo. Da wuya ka ji wanda ya ce a zaunar da shi a teburin tace labarai, alhali a nan ne ake koyon aikin tun daga tushe. Ga tambayoyin da suka fi yi mini in na zaunar da su a wurin, da yadda nake amsa musu.

Malam, wai tace labari ba gyaran rubutu ba ne kawai?

Gyaran rubutu shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi sauƙi. Kafin ka taɓa waƙafi ko aya, tambayi kanka: wannan abin ya faru kuwa? Wa ya faɗa? Da idonsa ya gani ko ji ya yi? An nemi jin ta bakin ɗaya ɓangaren? Wakili ya dawo daga rana a gajiye, ya rubuta da gaggawa, kuma ya riga ya saba da labarin har ba ya ganin giɓinsa. Kai ne mai karatu na farko, kuma kai ne mutum na ƙarshe da zai iya tare kuskure kafin ya fita kasuwa. In ya wuce ka, ya wuce ke nan.

Daga ina zan fara in an miƙo mini labari?

Karanta shi tun daga farko har ƙarshe ba tare da ka gyara ko harafi ɗaya ba. Sannan ka ɗaga kai ka faɗa wa na kusa da kai abin da ya faru a jimla guda, kamar yadda za ka faɗa wa mahaifiyarka in ka shiga gida. Wannan jimlar ita ce sakin layinka na farko.

Ga misali. Wakili ya rubuto cewa shugaban wata ƙungiyar 'yan kasuwa ya kira taron manema labarai ranar Talata, ya gode wa mahalarta, ya yi addu'a, sai a sakin layi na biyar ake jin gobara ta cinye shaguna 40 cikin dare. Babu mai shiga gida ya ce "an yi taron manema labarai". Cewa zai yi "gobara ta tashi a kasuwa". To haka za ka juya labarin.

A aji ana kiran wannan tsari dala a kife. Bakano ba ya buƙatar dogon bayani a kan dala, ko bai riski dalar gyaɗa ba ya ga hotonta. Kifa ta: faɗin yana sama, tsinin yana ƙasa. Abu mafi nauyi a farko, mara nauyi a ƙarshe, yadda in shafi ya cika za a datse daga ƙasa ba tare da labarin ya ji ciwo ba.

Me ya kamata in bincika ko da wakilin ƙwararre ne?

Suna, muƙami, wuri, adadi, kwanan wata. Waɗannan biyar ba a yarda da kowa a kansu.

Mutum ɗaya Muhammad yake rubuta sunansa, wani Muhammadu, wani Mohammed, kuma kowa na da haƙƙin a rubuta masa yadda yake so. Hakimi ba dagaci ba ne, dagaci ba mai unguwa ba ne, kuma a gari irin Kano sauya wa mutum sarauta ba ƙaramin abu ba ne. Wuri ma yana da tarko. In wakili ya ce Tudun Wada, wacce? Akwai unguwar da ke cikin birni a ƙaramar hukumar Nassarawa, akwai kuma ƙaramar hukumar Tudun Wada can kudancin jihar, ɗaya daga cikin 44 da muke da su, ban da ta Zariya da ta Kaduna. Ita kanta Nassarawar, mai karatu daga nesa zai iya ɗauka jihar Nasarawa ake nufi in ba ka fayyace ba.

Adadi kuwa, ɗauki biro ka haɗa da kanka. In an ce mutum 18 ne a mota, 7 sun rasu, 13 sun jikkata, lissafin bai fita ba, sai a kira wakili. Miliyan da biliyan harafi ɗaya ya raba su a rubutu, amma ninki dubu ne a tsakaninsu.

Yawancin sanarwa da Turanci take zuwa. Yaya zan yi kada Hausar ta yi warin fassara?

Nan ne na fi daɗewa da ɗalibai, domin nan ne ciwon yake. Za ka ga an rubuta "gwamna ya biya ziyara", alhali ziyara kai ta ake yi. Ko "ya jefa haske a kan batun" maimakon ya yi ƙarin bayani. Ko wata doguwar jimla mai layi shida wadda sai ka kai ƙarshenta ka manta wanda ya yi aikin. Maganin shi ne ka karanta sanarwar, ka fahimce ta, ka kife takardar, sannan ka rubuta da Hausa. Daga baya ka buɗe ka duba sunaye da alƙaluma.

Muna da gadon da za mu dogara a kai. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma akan karanta ta a zaure ga waɗanda ba su yi boko ba. A nan Kano, kamfanin Triumph da aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi ya fitar da Albishir da boko, Alfijir kuma da ajami. Ma'aunin bai sauya ba: karanta labarin da ƙarfi. Duk inda harshenka ya yi tuntuɓe, akwai gyara a wurin.

Ƙa'idojin rubutu fa? Ai mutane na ganewa ko babu lanƙwasa.

Suna ganewa bayan sun tsaya sun yi tunani, kuma aikinka shi ne kada su tsaya. Kafa daban ƙafa daban, fada daban faɗa daban. "An yi fada" da "an yi faɗa" ba labari ɗaya ba ne. Haka raba kalmomi: "a kan" tebur ba "akan" yi ba ne, "suna da" ba "sunada" ba. Sunan aikin namu ma misali ne: "tace" aikin edita ne, "ta ce" kuwa magana wata ta yi. Saka allon rubutun Hausa a wayarka da kwamfutarka tun yau.

Yaya ake rubuta kanu mai jan hankali?

Ka rubuta shi bayan ka gama tacewa, kuma kada ya faɗi abin da babu a cikin labarin. Mai aiki, aiki, wanda aka yi wa: "Gobara ta ƙone shaguna 40 a kasuwa". Turanci yakan rubuta kanunsa kamar abin yanzu yake faruwa, Hausa ba ta yin haka, abin da ya wuce ya wuce. Ban yarda da kanun da ke ɓoye labari don a latsa ba, irin su "abin da ya faru zai ba ka mamaki". Mutane da yawa kanu kaɗai suke karantawa su tura a WhatsApp, saboda haka shi kaɗai ma dole ya tsaya da ƙafarsa a kan gaskiya.

Wane kuskure ne zai iya kai mu kotu?

Yanke wa mutum hukunci kafin alƙali. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Don haka wanda 'yan sanda suka yi holinsa "wanda ake zargi" ne, ba "ɓarawo" ba, komai yawan kayan da aka jera a gabansa. Ɓata suna laifi ne a ƙarƙashin sashe na 391 na dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma cewa "wane ne ya faɗa, mu ɗauko kawai muka yi" ba ya wanke jarida.

Akwai kuma abin da ya wuce tsoron kotu. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba in ya shiga shari'ar fyaɗe ko wani laifi, ko shi aka yi wa, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma. Cire sunan kaɗai bai isa ba. In yarinya ce, kuma ka bar sunan layin gidansu da sana'ar mahaifinta da makarantar Islamiyyar da take zuwa, duk unguwar ta gane ta. Yarinyar za ta girma a wannan unguwar, za a nemi aurenta a can. Cire duka.

In na sauya wa babban wakili rubutu, ba zai ga raini ba?

Zai iya gani in ka yi ba da ladabi ba. Je ka same shi ko ka kira shi: "Yallaɓai, ban gane wannan wurin ba, mutum bakwai ne ko tara?" Tambaya ta fi gyara a ɓoye. Kada ka sauya abin da mutum ya faɗa a cikin alamar zance, kada kuma ka gyara jimlar da ba ta da laifi don kawai ba haka za ka rubuta ta ba.

Ta yaya zan yi atisaye kafin in samu gurbi?

Saurari labaran Rediyon Kano ko Freedom da safe, ka zaɓi ɗaya ka rubuta shi cikin kalma 150. Ka ɗauki labari daga Aminiya, ka rufe kanunsa, ka rubuta naka, sannan ka kwatanta. Ku haɗu ku uku a aji, kowa ya ba ɗan'uwansa rubutunsa a takarda, a bi shi da jan biro, a kuma bayyana dalilin kowane gyara da baki. Wanda ya kasa faɗin dalili, sai ya mayar da jimlar yadda ya same ta.