Hawa ƙololuwar dutse mai tsayi: tambayoyi da amsoshi

Idan mutum yana da ƙarfin jiki, ba shi ke nan ba?

Ƙarfi yana taimakawa wajen ɗaukar jaka da jure doguwar tafiya, amma tsayin wurin ne ya fi mayar da mutane baya. Kason oksijin a cikin iska kusan 21 cikin ɗari ne ko'ina, sai dai matsin iskar yana raguwa gwargwadon yadda ake hawa. A tsayin mita 5,500, numfashi ɗaya yana shigar da kusan rabin oksijin da mutum zai samu a bakin teku. Kilimanjaro da ke Tanzaniya, wanda ƙololuwarsa Uhuru ta kai mita 5,895, ana hawansa da ƙafa ba tare da igiya ba, amma duk da haka majiya ƙarfi da yawa sukan juyo ba su kai ba. Sau da yawa ƙarfin ne ke ruɗinsu su yi sauri.

Yaya ciwon tsayi yake farawa?

Yakan bayyana daga mita 2,500 zuwa sama: ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, kasala da rashin barci. Wanda ya ji waɗannan, kada ya ƙara hawa sai sun lafa. Idan ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko maganarsa ta rikice, to ƙwaƙwalwa ce ta fara kumbura. Idan kuma numfashi yana yi masa wuya ko yana zaune, ga tari mai kumfa, ruwa ne ya taru a huhu. Dukansu biyun suna kisa cikin ɗan lokaci. A sauko da shi nan take, ko da cikin dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai, domin mai irin wannan hali yakan rantse lafiyarsa ƙalau.

To yaya ake sabar wa jiki?

Da sannu. Likitocin fannin suna ba da shawarar cewa bayan mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Hawa sama da rana a dawo ƙasa a kwana yana taimakawa ƙwarai. Shi ya sa a ganina, wajen hawan Kilimanjaro, hanyar Lemosho mai kwana bakwai ko takwas ta fi Marangu ta kwana biyar, duk da ƙarin kuɗin. Ja-gororin can ba sa gajiya da faɗin “pole pole”, wato sannu sannu. Akwai maganin acetazolamide da ke taimaka wa jiki ya saba da tsayi, amma sai da shawarar likita.

Wane irin kaya ake bukata?

Sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000. A sa tufafi a jere yadda za a iya cirewa ko ƙarawa, a guji auduga domin tana riƙe gumi. Takalmi kuwa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi.

Me ya sa ake tashi da tsakar dare ranar hawa ƙololuwa?

Don a kai sama da hantsi, a samu isasshen haske na saukowa kafin yanayi ya ɓaci da yamma. Tun kafin a tashi ake yanke lokacin juyawa, ko an kai ko ba a kai ba. A watan Mayun 1996 mutum takwas suka mutu a Everest, dutse mafi tsayi a duniya, lokacin da guguwa ta rutsa da su, wasunsu kuma sun wuce lokacin juyawar da sa'o'i.

Saukowa ba ta fi sauƙi ba?

Numfashi yana sauƙi, amma gwiwoyi ne ke shan wahala, ga gajiya ga tsakuwa mai zamewa. Sanduna biyu na dogarawa suna rage wa gwiwa nauyi, kuma a tanadi ruwa da abinci na wannan zangon tun daga ƙasa.