Wai an ci bashi da sunana ban sani ba: tambayoyi da amsoshi kan satar bayanan banki

Tun da POS ya shigo ƙauyukanmu, manomi ya huta da ɗaure kuɗin riɗi a ƙugu daga kasuwar Maigatari zuwa gida. Sai dai ɓarawo ma ya sauya salo, yanzu lambobi yake farauta. Ga tambayoyin da aka fi yi idan zancen ya taso a majalisa.

Me mutum zai yi da NIN ko BVN ɗina, tunda ba kuɗi ba ne?

Kowacce lamba goma sha ɗaya ce, amma a idon banki su ne kai. BVN, lambar tantancewa ta banki wadda Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a 2014, ita ta ɗaure duk asusunka wuri guda, NIN kuma, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa ta da layin waya. BVN ita kaɗai ba ta cire kuɗi daga asusu. Amma idan aka haɗa ta da NIN da ranar haihuwa da hotonka, ana iya buɗe sabon asusu da sunanka, a ci bashi a manhajar waya, ko a riƙa karɓar kuɗin damfara ta ciki. Ranar da aka biyo sawu, ƙofar gidanka za a ƙwanƙwasa.

An zo garinmu ana rubuta sunaye wai za a raba taki, an karɓi lambobinmu, an ɗauki hoto, har an ba mu naira dubu biyu. Akwai matsala?

Akwai. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke sayen NIN da BVN a hannun mutane kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar gaba. Kuma da ɗan gari akan ci gari: sau da yawa mai riƙe da takardar yaro ne da aka san iyayensa, wataƙila shi kansa bai san inda bayanan za su ƙare ba. Kafin ka miƙa lamba, tambayi Mai unguwa ko Dagaci ko an sanar da su zuwan mutanen, a kuma bincika a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ni dai ban taɓa ganin shirin gaskiya da ke biyan mutum don ya ba da lambarsa ba.

Ban iya boko ba, mai POS ne ke danna mini lambar sirri. Yaya zan yi?

Nan ne bangon ya fi tsagewa. Baba, lambobi huɗu ne kacal. Wanda ya riƙe lissafin buhuna arba'in a kansa, ya san wanda ya biya da wanda bai biya ba, ba zai kasa koyon wurin maɓalli huɗu ba. A sa jika ya zana su a takarda, a yi ta gwadawa a gida har hannu ya saba, sannan a ƙone takardar. Kada a rubuta lambar a bayan kati, kada a zaɓi shekarar haihuwa ko 1234. Kati kuma kada ya ɓace wa idonka ko na ƙiftawa, domin a cunkoson ranar Juma'a a Wudil musanya kati ba abu ne mai wuya ba, hoton gaba da bayansa ma ya isa a yi sayayya a intanet. Mata da ke aiken yara da kati daga cikin gida, a riƙa sauraron alat bayan kowane aike.

Wani ya kira, ya faɗi cikakken sunana, ya ce daga banki yake, in karanto masa lambobin da suka shigo wayata.

Kashe wayar. Banki ba ya tambayar lambar sirri ko lambobin da ya turo maka, komai daɗin bakin mai kiran.

Wayata ta ɓace. Me zan fara yi?

Mutane kan fara jimamin wayar, alhali layin ne dukiyar. Da shi ɓarawo zai danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, ya kuma karɓi saƙonnin banki. Ari wayar maƙwabci nan take ka rufe asusun. Bankuna suna da lambar gaggawa, misali *901*911# a Access, *966*911# a Zenith, don haka nemi ta bankinka tun yau ka ajiye a gida. Daga nan ka kira kamfanin layin su toshe shi, ka je da NIN ɗinka a dawo maka da shi. Haka za ka yi idan sabis ya ɗauke maka kai kaɗai alhali na kusa da kai suna waya, domin mai yiwuwa wani ne ya sa aka sabunta layinka a hannunsa. Idan kamfani ya yi maka jan ƙafa, hukumar sadarwa ta NCC tana karɓar ƙorafi a 622 kyauta. Tsohon layin da ka yasar ma, je banki a cire shi daga asusunka, don ana sake sayar da irinsu.

An riga an kwashe kuɗin. Za su dawo?

Wani lokaci. Idan aka sanar da wuri, banki na iya sa a riƙe kuɗin a asusun da suka faɗa kafin a fitar da su. Kunya ce ke cutar da mutanenmu: dattijo ya yi kwana uku yana ɓoye wa 'ya'yansa, kafin ya hau mota zuwa Dutse ko Haɗejiya an gama rabon kuɗin. Kai ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin, kada ka goge alat ko ɗaya, ka kai rahoto ga 'yan sanda. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki shi ne mataki na gaba.

Ana ta kirana wai na ci bashi, ni kuwa ban ci ba.

Kada ka biya ko kwabo don a rabu da kai, kada kuma ka share zancen, domin tun 2020 banki na iya bin BVN ya cire bashinsa daga wani asusunka. Yi takardar rantsuwa a kotu cewa ba kai ba ne, ka haɗa da rahoton 'yan sanda ka kai wa masu bin bashin. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahoton basussukan da ke kan sunanka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke adana bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral. Idan masu bashin manhaja suka koma tura wa danginka saƙon cin mutunci, a adana saƙonnin a kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.