Kafin Ka Sake Ƙwanƙwasa Mini Ƙofa Kan Maganar Taron Shari'a

Duk sanda aka liƙa sanarwar taron ƙara wa juna sani a kan Shari'a da al'ummar Musulmi, ofishina a nan Bauchi sai ya koma kasuwar Wunti. Fuskoki ne kawai ke canzawa, tambayoyin kuwa su ne na bara, su ne na bara waccan. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake zuwa mini da ɗaya daga cikinsu, takardar nan zan miƙa masa in ci gaba da aikina.

Malam, taron nan ba kamar wa'azi ba ne?

A'a. A wurin wa'azi kana magana ana kabbara. A nan kuwa kana rufe baki wani zai ɗaga hannu ya ce, "A wane shafi ka ga wannan?"

Sai mai digiri na uku ne ke gabatar da maƙala?

A'a. Tsakurenka, wato taƙaitaccen bayanin maƙalarka, za a karanta, babu mai tambayar furfurarka.

Na zaɓi take, "Matsayin Mata a Musulunci". Ya yi?

Bai yi ba. Haka ma "Muhimmancin Zakka" da "Illolin Riba". An rubuta su har takarda ta gaji, kuma abin da za ka faɗa limamin unguwarku ya riga ya faɗa ranar Juma'a, ya ma fi ka iya faɗa. Ku ne kuke zaune a kan abin bincike kuna hangen nesa. Ƙasar nan tun Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gombe suka karɓo tuta alƙalai ke hukunci a cikinta. A 1960 dokar laifuffuka ta Jihar Arewa ta karɓe shari'ar laifi daga hannun fiƙihu. A 1999 Zamfara ta buɗe ƙofar dawo da Shari'a, jihohi 12 har da ita suka shiga, Bauchi ta yi nata dokokin a 2001. Yau fiye da shekara ashirin. Me ya canza a rabon gado a Azare? Nawa mace ke biya ta fanshi kanta a Misau? Ina zakkar hatsi ke zuwa a Kumo? Ɗauki gari ɗaya da mas'ala ɗaya ka tsaya a kansu.

Larabcina ba shi da ƙarfi.

To ka ƙarfafa shi. Alƙalin da za ka yi nazarin hukuncinsa da littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam yake aiki, ba da abin da ka tsinta a Facebook ba. Amma kada ka karaya. Ka samu malamin zaure ka zauna gabansa wata uku a kan babi ɗaya tak, na aure ko na shaida, za ka ga bambanci. Girman kai ne kawai ke hana 'yan jami'a zama a kan buzu.

Tsakure kalma nawa?

Yadda sanarwa ta ce. Ka karanta ta mana.

Malam, ina so in yi aiki da fayilolin kotu na shari'ar khul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure. Za a ba ni? Kuma zan iya kawo labarin mutane a gaban taro?

Yawwa, yanzu aka yi tambaya. Zauna.

Amsar ita ce ya danganta, kuma da abubuwa da yawa. Zaman kotu galibi a buɗe yake, kana iya shiga ka zauna a benci ka saurara kamar kowa, sai fa in alƙali ya ga dalilin sallamar jama'a. Littafin da ake rubuta shari'a kuwa wani abu ne daban, amana ce a hannun rajistara. Ka fara da takardar gabatarwa daga sashenku, ka kai ta ofishin da ke kula da kotunan, ka jira a sa hannu, sannan ka sauka ƙasa. Wani wurin kwana biyu an gama, wani wurin sai ka yi sawu biyar ana ce maka oga ya fita. Ka haƙura. Kada ka kuskura ka cusa wa masinja ɗan wani abu ya fito maka da fayil ta bayan fage. Shi za a kora, kai kuma ka rufe ƙofa ga duk ɗalibin da zai zo bayanka. In ka shiga gaban alƙali ka gaishe shi yadda ya kamata, "Allah gafarta Malam", ka faɗi abin da ya kawo ka. In ya ce karanta amma kada ka ɗauki hoto, waya ta koma aljihu, ka fito da biro.

Shari'ar da ba a gama ba, ni dai ba na barin ɗalibina ya taɓa ta. Wadda aka yanke ma sai da lura. Canza suna shi kaɗai ba ya isa. In ka ce "wata mata, mijinta direban tirela, 'ya'yansu bakwai, a unguwa kaza", a ƙaramin gari ka riga ka nuna ƙofar gidan. Na taɓa zama a wani taro, ɗalibi yana ta karanto labarin wata da ta nemi rabuwa, sai wani a layin baya ya miƙe jikinsa na rawa, ashe gwaggonsa ce. Da ƙyar aka sasanta. Cire unguwa, cire sana'a in ba ta shafi hujjarka ba, bar shekara da abin da aka hukunta. Hukuncin da aka ɗaukaka ƙara har aka buga shi a littattafan rahoton shari'a, wannan ya riga ya fita fili, lauyoyi da sunayen suke ambatonsa, kai ma kana iya yi. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da riƙon yara, saboda haka irin shari'ar da kake nema can take zuwa in an ɗaukaka.

Sannan kada ka ɗauka abin da ke cikin fayil shi ne duk abin da ya faru. Muhuti, mai rubuta wa alƙali shari'a, taƙaitawa yake yi. Aure nawa ne waliyyai da mai unguwa da liman suka kashe wutarsa a zaure ba tare da an je kotu ba? Fayil arba'in da ka karanta labarin fayil arba'in ne, kada ka tashi ka ce "matan Bauchi kaza". In kuma ka ga kamar alƙali ya kauce, ka auna harshenka. Misali i'izari, wato tambayar ƙarshe da ake yi wa mai shari'a ko yana da sauran hujja kafin a yanke hukunci. Rashinsa kan sa a rushe hukunci a sama. Amma wataƙila an yi, ba a rubuta ba. Rubuta "fayil bai nuna an yi i'izari ba", ka tsaya nan. Wannan za ka iya kare shi. "Alƙali ya yi zalunci" kuwa sai ka nemi lauya.

In kana son jin ta bakin matan da kansu, sai da yardarsu, a gaya musu ƙarara inda maganar za ta je. Ke ɗaliba, a nan kin fi maza sa'a, za ki shiga har ɗaki. Kai kuma ka nemi mace ta taya ka, kada ka je kana sallama a ƙofar bazawara da rikoda a hannu. Mai son tsofaffin shari'u na zamanin En'e ya nufi Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House, ya kuma shirya wa rubutun hannu na Larabci da ajami.

Wa zai biya mini kuɗin zuwa?

In kai ma'aikaci ne a babbar makarantar gwamnati, nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ofishin makarantarku, da wuri. In ɗalibi ne, aljihunka. Taron da aka karɓi tsakurenka cikin awa ɗaya, aka turo lambar asusu kafin a turo jadawali, riƙe kuɗinka.

Ya halatta in kafa hujja da rubutun wanda ba Musulmi ba?

Fatawa za ka ɗauka a wurinsa? Philip Ostien, Ba'amurke da ya koyar da aikin lauya a Jami'ar Jos, shi ya jagoranci tattara takardun aiwatar da Shari'a na 1999 zuwa 2006, aka buga su mujalladi biyar a 2007, har da rahoton kwamitin aiwatar da Shari'a na Bauchi a ciki. Kai da kake Bauchi ka taɓa buɗe shi? Karanta, inda aka yi kuskure ka nuna da hujja. Ka kuma leƙa Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ka ga abin da namu suka rubuta.

In aka ƙure ni da tambaya fa?

Ka ce bincikenka bai kai nan ba, ka rubuta tambayar, ka yi godiya. Ba a taɓa fita da gawar kowa daga zauren taro ba. Farfesan da ya fi tsananta maka, shi za ka bi a lokacin cin abinci ka karɓi lambarsa.

Malam, ko za ka ɗan rubuta mini, in sa sunanka a gaba?

Ja mini ƙofar in ka fita.